Kolajin Na Huɗu Da Rariyar Ƙoda

A ƙarƙashin ƙwayoyin halittar da suka rufe fata da hanji da hanyoyin jini akwai wani siririn tantani wanda ido ba ya gani. Za mu kira shi shimfiɗar tushe, domin a kansa ƙwayoyin suke zaune, kamar mutane bisa tabarma. Babban zaren wannan shimfiɗa shi ne furotin da ake kira kolajin na huɗu.

Furotin ɗin yana da silili iri shida, daga alfa 1 zuwa alfa 6, kowanne da ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi. Silili uku ne ke tufkewa su zama igiya guda, igiyoyin kuma su saƙu su zama raga. Ragar alfa 3 da 4 da 5 ita ce ƙashin bayan rariyar da ke tace jini a ƙoda. Tana kuma cikin kunne da ido.

Ƙwayar gadon alfa 5 sunanta COL4A5, kuma tana kan kuromosom X. A jikin sililin, bayan kowane amino asid biyu sai gilisin ya biyo, domin shi kaɗai ne ƙanƙantarsa ta isa ya shige tsakiyar tufka. Idan wani ya maye gurbinsa, tufka ta lalace, rariya ta yi rauni. Sai jini ya riƙa fita a fitsari tun ana yaro, daga baya furotin ya biyo, ji ya ragu, ƙoda ta gaza. Wannan shi ne ciwon Alport, daga sunan likita Cecil Alport wanda ya bayyana shi a wani dangi a Ingila a 1927. Sai a 1990 aka tabbatar da alaƙarsa da COL4A5.

Namiji X ɗaya gare shi, shi ya sa ciwon ya fi tsananta a kansa. Mace tana da biyu, ɗaya na rage wa ɗaya nauyi, ko da yake ita ma ƙodarta na iya taɓuwa. Ta wannan hanya uba ba ya gadar wa ɗansa namiji, amma duk ƴaƴansa mata za su ɗauka.

A ƙasashenmu, in an ga jini a fitsarin yaro, tsargiya ake fara zargi. To amma idan an sha magani bai daina ba, kuma a dangin uwa akwai mai ciwon ƙoda da kurumta, ya kamata a zurfafa bincike, domin wasu magungunan hawan jini suna jinkirta gazawar ƙoda da shekaru idan aka fara su da wuri.