Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Ake Warkar da Firgici

A shekarar 2021 ƙasar Yawuri ta ga jarrabawa biyu a jere. A watan Mayu wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu. A watan Yuni kuma 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Wanda ya kuɓuta daga irin wannan masifa yakan dawo gida da rauni wanda ido ba ya gani: faɗuwar gaba, rashin barci, mugun mafarki da ciwon kai.

Wannan ba raki ba ne, aikin jiki ne. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu 'yan ƙananan sassa biyu da ke saman ƙoda, su kuma su saki sinadaran adiranalin da kotisol cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, domin jiki ya samu ƙarfin gudu. Da haɗari ya wuce, komai yakan lafa. Amma ga wasu, ƙarar babur ko ganin ruwa kawai yakan sake tayar da wannan shiri, ko da bayan watanni. Ɗalibin da ke cikin wannan hali yakan kasa riƙe karatu, har a ɗauka lalaci ne.

Tun da cutar ta shafi jiki da tunani da zamantakewa, masani ɗaya ba ya isa. Shi ya sa ake haɗa ƙwararru wuri guda. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba ko akwai buƙatar magani. Masanin halayyar ɗan Adam ya zauna da majiyyaci su warware tunanin da ke razana shi, bisa hanyar da Aaron Beck ya shimfiɗa a Amurka a shekarun 1960. Ma'aikatan jinya su koya masa jan numfashi a hankali, da tsara lokacin barci, da motsa jiki. Jami'in jin daɗin jama'a kuma ya tuntuɓi iyaye da makaranta.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara shirin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majiyyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya lura cewa mutum ya fi sakin jiki da wanda ya san al'adarsa.

Darasin da ke nan ga malamin makaranta shi ne kada ya kai hannu ga bulala idan ya ga ɗalibi ya canza hali bayan wata masifa. Ya saurare shi, ya sanar da iyayensa. Addu'a da nasihar malamai suna kwantar da hankali, amma ba sa hana zuwa asibiti. Idan alamun suka wuce wata guda, ko ɗalibi ya fara zancen gajiya da rayuwa, sai a kai shi babban asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.