Littafin Barem da Lissafin Fataken Jega

Wajen shekara ta 1670, zamanin Sarki Luwi na 14, wani masanin lissafi na ƙasar Faransa mai suna François Barrême, wanda za mu kira Barem, ya buga littafi domin 'yan kasuwa. Sunan littafin "Les Comptes faits", watau lissafin da aka riga aka yi. An haifi mutumin nan a Taraskon cikin 1638, ya rasu a Faris cikin 1703, amma littafinsa aka yi ta sake buga shi fiye da shekara ɗari bayansa. Har wa yau in ka shiga ofis a Nijar, ka ji an ce "barem", to jadawalin farashi ko na albashi ake nufi. Sunan mutum ne ya zama sunan abu.

Abin da ya sa littafin ya karɓu shi ne wuyar kuɗin wancan zamani. Liba ɗaya su 20 ce, su ɗaya kuwa diniya 12. Dattawan da suka yi akawu a En'e ba su bukatar a yi musu bayani, gama haka fam da sule da kwabo suke kafin zuwan naira ran 1 ga Janairu, 1973. A ce mutum ya sayi yadi 36, kowane a kan sule 3 da kwabo 4. Sai ya mai da farashin kwabo 40, ya ninka, ya sami 1,440, ya raba da 12, sa'an nan ya sāke rabawa da 20, kafin ya iske fam 6. Barem ya ɗauke wannan wahala. Ka buɗe shafin farashinka, ka bi da yatsa zuwa 36, ga amsa tana jira.

Mu kuwa da muka dubi kasuwar Jega, wadda mutanen Gehuru da Aliero da Maiyama suke ci, sai muka tuna fataken da suka bi ta nan zuwa Gwanja neman goro ba su da irin wannan littafi. Wuri ne kuɗinsu, ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa. Ɗari ita ce zangu, 20,000 kuwa keso. Bature Barth ya iske a Kano cikin 1851 wuri 2,500 ne ke sayen dala ɗaya. Madugu yana riƙe da wannan duka a ka, da kuɗin fito, da ladan dillali, da abincin jakai. Lalle ba ƙaramin ilmi ba ne, ko da yake ba a buga shi a takarda ba.

Muna ganin littafin Barem yana da aibi guda. Wanda ya dogara da jadawali kaɗai, in maɗaba'a ta yi kuskuren lamba ɗaya, ba shi da hanyar ganewa. Wayar hannu ma haka take ga yaron da bai san ninki ba. Manomin albasa na Aliero da ya kawo buhu 36, dillali ya danna waya ya faɗa masa jimla, da me zai gwada ta?

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta na wannan yanki su riƙa aika yara ranar kasuwa su tambayo farashin tiya da na buhu, su zo aji su tsara nasu jadawalin da hannunsu, daga 1 zuwa 100, kowa ya duba na ɗan'uwansa.