Wa Zai Ce Mana Ƙurunƙus?

A gidajenmu da yawa, da zarar an gama cin tuwon dare, sai kowa ya ja kujera ko tabarma kusa da akwatin telebijin. Ba a jima ba sai ka ji uwa ta yi tsaki ta ce, "Wannan mutum ba ya tsoron Allah!" Maigida kuwa yana yi wa akwatin magana kamar yana jinsa: "Kada ki yarda da shi!" Dukanmu mun taɓa yin haka, kuma ba laifi ba ne. Wasan da bai taɓa zuciya ba, ai bai yi kyau ba. Abin tambaya shi ne, bayan an kashe akwatin, ina wannan ƙauna da wannan fushi suke zuwa?

Sunan wasa da sunan yanka

Manya a cikinmu ba za su manta da Samanja Mazan Fama ba, wasan da aka daɗe ana yi a rediyo da telebijin na Kaduna. Usman Baba Pategi ne yake fitowa a matsayin Samanja, da Hausarsa ta bariki mai sa mutum dariya har da hawaye. Shi kansa tsohon soja ne. Amma mutum nawa ne suka riƙe sunansa na yanka? Da ya rasu a watan Nuwamba 2023, abin da aka riƙa faɗa wa juna shi ne, "Samanja ya rasu." Sunan wasa ya haɗiye na gaskiya. Wannan ƙauna ce, ba ta cuci kowa ba. Duk da haka tana nuna mana yadda mai kallo yakan haɗa ɗan wasa da mutumin da yake kwaikwayo, su zama abu guda a zuciyarsa.

Matar da ba ta taɓa rayuwa ba

Kada mu ce mu kaɗai ne da wannan hali. A Ingila akwai wani wasa mai suna Coronation Street, wanda aka fara nunawa a watan Disamba 1960. Labarin mazaunan wani layi ne a wani gari na ƙage. A cikinsu akwai wata mace, Deirdre, wadda Anne Kirkbride ta riƙa fitowa a matsayinta tun 1972.

A 1997 marubutan wasan suka haɗa Deirdre da wani mayaudari mai cewa shi matuƙin jirgin sama ne. Ya yi zambar kuɗi, laifin ya faɗa a kanta, a 1998 alƙali ya yanke mata ɗaurin wata 18. Mutum wajen miliyan 19 suka kalli hukuncin. Kashegari ƙasa ta ɗauka. Jaridu suka shiga kiran a sake ta, aka buga riguna masu ɗauke da wannan kira. Maganar ta kai har ga Firayim Minista na lokacin, Tony Blair, wanda cikin raha aka ce zai sa ministan harkokin cikin gida ya duba shari'ar. Bayan kamar mako 3 aka sake ta, ba da umarnin wata kotu ba, sai da alƙalamin marubuta.

Yawancin mutanen nan sun san wasa ne, suna jin daɗin taya wasan ne kawai. Amma mu lura da dalili. Sun yi shekara 26 suna ganin fuskar matar nan a ɗakunansu. Wanda kake gani kowane mako, zuciya takan ɗauke shi kamar maƙwabci.

Inda wasa ya zama cuta

Zuciyar da take ƙauna haka, tana iya ƙi haka. A Amurka an nuna wani wasa, Breaking Bad, daga 2008 zuwa 2013. Labarin wani malamin makaranta ne da ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi. Matarsa a wasan, Skyler, ta tsaya masa a hanya. Abin mamaki, 'yan kallo da yawa suka goyi bayan mijin, suka tsani matar. Ƙiyayyar ba ta tsaya a kan Skyler ba, ta tsallaka kan Anna Gunn, wadda take kwaikwayonta. A watan Agusta 2013 ta rubuta a jaridar New York Times cewa har wani ya tambaya a intanet inda zai same ta don ya kashe ta.

Me ta yi? Ta yi aikinta ne da kyau, har ta ci lambar yabo ta Emmy a 2013 da 2014. Ba ita ta rubuta maganganun ba. Skyler ba ta jin zagi, gama babu ita. Wadda take ji mace ce mai iyali kamar namu. A dā tsakin mai kallo yakan tsaya a ɗakinsa. Yanzu kuwa, da waya a hannun kowa, zagi yakan isa ga ɗan wasa kafin a wanke kwanonin tuwo. Nan ne mai kallo yakan fi mai ƙora shafawa.

Yara suna kallonmu

Yaranmu kuma suna da nasu. Tom da Jerry, kyanwa da ɓeran nan na zane mai motsi da suka fara fitowa a 1940, har yanzu suna sa su dariya. A buga wa Tom kasko a ka, ya baje, nan da nan ya miƙe garau. Yaro ɗan shekara 10 ya san zane ne. Ƙaninsa ɗan shekara 3 fa? Sai an gaya masa cewa kan ƙanwarsa ba irin na Tom ba ne. In kuwa ya ji babansa yana tsine wa ɗan wasa, har yana cewa in ya gamu da shi a kasuwa zai gane kurensa, wa zai koya masa bambancin?

Kakanninmu sun san maganin wannan. In za su yi tatsuniya sukan buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," su rufe da "Ƙurunƙus." Yaro ya san an shiga, ya kuma san an fito. Ya tsani Kura a cikin labari, ya kwanta ba ya riƙe da kowa. Telebijin ba ya faɗin ƙurunƙus. Cewa yake yi mu tara a mako mai zuwa.

Saboda haka aikin ya dawo kanmu, iyaye. Mu zauna mu yi kallo tare da yaran. In an gama, mu tambaye su wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, da kuma me ya sa. Mu koya musu sunan ɗan wasan na gaskiya, mu gaya musu cewa wanda ya fito a mugu har muka ji haushinsa, gwani ne a sana'arsa. In muna da ƙorafi a kan labarin, mu faɗe shi da ladabi, kamar mutumin yana zaune a zaurenmu. Sa'an nan a kashe akwatin, kowa ya je ya kwanta da zuciya sake.