Kuɗin Koyon Sana'a: Ina Rabon Samarin Sabon Badun?

Fiye da shekara hamsin ke nan Gwamnatin Tarayya tana kafa hukumomin koyar da sana'a tana zuba musu kuɗi, amma har yanzu saurayin da ya tashi a unguwar Sabo ta Badun, in zai koyi abin da zai ci abinci da shi, galibi hannun maigida ko mai shago yake komawa, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa kusa da Mokola, aka ɗora ta a hannun Sarkin Hausawa. Goro da shanu ne suka raya ta. Wani Bature masani, Abner Cohen, wanda ya zauna cikinsu a 1962 da 1963, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda al'amarin ke tafiya. Falke ya sauko da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, maigida kuwa shi ke tsaya wa kuɗin. A nan yaro ke koyo: ya fara da aike da ɗaukar kaya, ya san ƙidayar goro da ɗaurin huhu, ya gane mahaucin da ke biya da wanda ke ɓuya, sannan a yarda ya karɓi la'ada. Wannan makaranta ba ta da takardar shaida, ba ta cin ko anini daga baitulmali, amma binciken kuɗinta mai tsanani ne, domin maigidan da ya bari kuɗin baƙonsa suka salwanta, baƙi sun ƙaurace wa zaurensa ke nan. Daga baya kasuwar shanu ta tashi daga tsakiyar gari, canjin kuɗi ya zama sana'ar da aka fi sanin Sabo da ita, amma hanyar koyo ba ta sake ba.

Gwamnati kuwa ta shigo ne a 1971, sa'ad da mulkin Janar Yakubu Gowon ya kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, da doka mai lamba 47. Hedkwatarsa na Jos, yana kuma da ofis a Badun. Dabarar ba sabuwa ba ce, don Ingila ta yi irinta tun 1964: a karɓi wani kaso daga masu ɗaukar ma'aikata, wanda ya horar da mutanensa a mayar masa da wani abu. A Nijeriya kason shi ne ɗaya bisa ɗari na jimillar albashin shekara. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya jawo duk mai ma'aikata biyar ko cinikin Naira miliyan 50 a shekara cikin masu biya, ya kuma sa abin da ake mayarwa ba zai wuce rabi ba. A 2023 aka sake komawa ga masu ma'aikata 25.

To, a nan take, wai an danne bodari ta ka. Kuɗin asusun daga kamfanoni suke fitowa, kuma ma'aikatan kamfanoni suka fi komawa. Shirin da asusun ya ƙirƙiro a 1973 na tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu ya amfani ɗaliban Jami'ar Badun da na kwalejin kimiyya da fasaha ta garin ƙwarai da gaske. Amma tela mai keke biyu a Sabo, da mai gyaran babur, da mai tukubar tsire, ba su da littafin albashi, saboda haka ba sa biya, ba a kuwa mayar musu da komai, ko da sun yaye yara goma.

Irin waɗannan ne aka ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, za ta kula da su. An kafa ta a ƙarshen 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya bar dubban mutane ba aiki, ta fara aiki sosai a 1987. Shirinta na koyon sana'a ya dace da al'adar wuri kamar Sabo, domin ba makaranta ake ginawa ba: a ɗauki saurayi a kai shi wurin gwanin sana'a, a ba gwanin ladan koyarwa, a ba yaron ɗan abin guzuri, in ya gama a ba wasu rancen kayan aiki. Sai dai shiri irin wannan kacokan a kan jerin sunaye ya dogara. Wanda ya riƙe alƙalamin rubuta sunaye, shi ya riƙe kuɗin.

An ga haka ƙiri-ƙiri a 2020, sa'ad da aka ware Naira biliyan 52 don ɗaukar mutum 774,000 aikin wucin gadi ta hannun hukumar, dubu guda daga kowace ƙaramar hukuma, a biya kowa Naira 20,000 a wata har wata uku. Jihar Oyo mai ƙananan hukumomi 33 rabonta mutum 33,000 ne, Badun ta Arewa, inda Sabo take, dubu ɗaya. Ran 30 ga Yuni na shekarar, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, ya yi cacar baki da kwamitin Majalisar Tarayya a gaban 'yan jarida, kuma tushen rigimar shi ne wa zai zaɓi masu cin gajiyar shirin. Majalisar da aka ɗora wa sa ido kan kuɗin ita ce ke ja-in-ja kan rabon gurabe. Kafin shekarar ta ƙare an sauke shugaban hukumar, aikin kuwa bai kankama ba sai Janairun 2021.

Ɗan Sabo yana da wani shinge na dabam. Shirye-shirye da yawa na jihohi da ƙananan hukumomi suna neman takardar shaidar asali. Wanda aka haifi kakansa a Sabo ana ce masa ɗan Kano ko ɗan Katsina ne, can kuma ba a san fuskarsa ba, balle a rubuta sunansa. Haraji dai a Badun yake biya.

Wa ke binciken waɗannan hukumomi? Jama'a da yawa sun ɗauka Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ne. Amma sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 bai ba shi ikon binciken littattafan hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba. Abin da ya ba shi shi ne ya miƙa musu jerin ƙwararrun masu bincike su zaɓi wanda suke so, ya faɗi ra'ayinsa kan rahoton da aka kawo, ya kuma riƙa leƙawa jefi-jefi. Watau wanda za a bincika shi ke ɗaukar mai bincikensa, shi ke biyansa. Rahoton kan isa kwamitocin majalisa bayan shekaru, lokacin da waɗanda suka sa hannu a takardun sun daɗe da barin kujerunsu.

Ko da binciken ya zo kan lokaci, kuɗin horo suna da wuyar bin sawu. Rijiya in an ce an haƙa, ana iya zuwa a leƙa. Horon kwana uku da aka ce an yi wa mata ɗari biyu a wani zaure, abin da ya rage daga gare shi hoto ne da takardar sa hannu. Hukumar ICPC, da ta fara bin ayyukan mazaɓu a 2019, ta yi kukan cewa ayyukan da ake kira tallafi da horaswa suna cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke zurarewa. A Nuwamban shekarar Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce an ware wajen Naira tiriliyan ɗaya don ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, ba a ga amfanin da ya kai kuɗin ba. Mai bincike yana tambayar rasiɗin keken ɗinki. Ba ya komawa bayan shekara ya ga ko keken yana ɗinki, ko an kai shi kasuwar Dugbe tun ranar rabo.

Akwai dai wata ƙofa da ba a cika ƙwanƙwasa ta ba. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai, ba tare da an tambaye shi dalili ko takardar asali ba. Fadar Sarkin Hausawa ko ƙungiyar teloli ko ta 'yan canji na iya rubuta wa ofisoshin NDE da ITF na Badun su nemi sanin mutum nawa aka horar a Badun ta Arewa a bara, a wace sana'a, a shagon wa, nawa aka biya, kuma nawa daga cikinsu mazauna Sabo ne. A unguwar da kowa ya san gidan kowa, tantance irin wannan jeri ba zai ɗauki mako guda ba.