Daga kashi 76 zuwa 24: abin da alƙaluman tsaron Android ke nufi ga mai waya a Sakkwato

A 2019 kamfanin Microsoft ya duba kurakuran tsaron da ya yi ta toshewa a manhajojinsa tun 2006, ya ga kusan kashi 70 cikin 100 duk daga gida ɗaya suka fito: matsalar ma'adanar kwamfuta. A 2020 masu kula da Chrome na Google suka tantance manyan kurakurai 912 da aka samu tun 2015, su ma suka faɗa kan kashi 70. Kamfanoni biyu, lissafi ɗaya. Dalilin kuwa shi ne dukansu da harsunan C da C++ suka yi ginin.

Waɗannan harsuna suna barin mai rubuta manhaja ya raba wa bayanai mazauni da hannunsa, shi zai kuma kwashe. Idan ya zuba tiya biyu a kwanon tiya ɗaya, rarar sai ta zube a kwanon maƙwabci. Wanda ya fi wannan muni kamar ɗan haya ne da ya tashi amma bai mayar da makulli ba. An sa wani a ɗakin, shi kuwa yana shiga yana fita. Kusan rabin kurakuran ma'adana na Chrome irin na ɗan hayan nan ne, kuma ɓarayin intanet suna shiga ta wannan ƙofa.

Google ta juya akalar sabon aikin Android zuwa harsunan da ke tsare ma'adana da kansu, irin su Kotlin da Java da Rust. Shi Rust ma ba ya yarda manhaja ta haɗu in ya hango irin wannan kuskure. Kurakuran ma'adana suka sauko daga 223 a 2019 zuwa 85 a 2022. Kasonsu a dukan kurakuran tsaron Android kuma daga 76 cikin 100 ya koma 35, sannan kimanin 24 a 2024.

A nan ne mai karatu zai yi hattara. Kashi 24 rabo ne cikin kurakuran da aka gano, ba ma'aunin lafiyar wayarka ba ne. Harshe mai tsare ma'adana ba laya ba ne: a Disamban 2021 matsalar Log4Shell ta girgiza duniya da maki 10 cikin 10 na haɗari, alhali da Java aka rubuta manhajar da ta fito daga cikinta.

Sai kuma namu na gida. Nasarar ta sabon gini ce. Tecno ko itel ɗin da mai POS ke latsawa a bakin babbar kasuwar Sakkwato, ko wadda aka sayo ta hannu gilashinta a tsage, in kamfani ya daina aiko mata gyara, tana nan da tsofaffin ramukanta. A 2015, alal misali, kuskuren Stagefright ya shafi wayoyin Android kusan miliyan 950, saƙon bidiyo ɗaya ya isa a kutsa.

Malaman kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, a ci gaba da koyar da C, amma a ɗora wa ɗalibai Rust a kai. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, buɗe saitin wayar ka duba ranar gyaran tsaronta na ƙarshe.