Keken lantarki mai ɗaukar kaya: keke ne ko moto?

A Karofan, cikin jihar Tawa, amalanke da kabu-kabu ne ke jigilar kaya zuwa kasuwanni. A biranen Turai kuwa, keken lantarki mai akwati ya shiga aikin raba saƙo. Dokar Faransa ta yi masa iyaka: ƙarfin injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina turawa idan gudu ya kai kilomita 25 cikin awa. Wanda ya zarce haka moto ne, sai da lamba, da inshora, da hular kwano.

Dokar da ta makara tana cin jari. A 2013 Kano ta hana acaɓa, dubban matasa suka rasa sana'a. Kafin ɗan kasuwar Madawa ko Buza ya zuba kuɗinsa, wajibi ne hukuma ta fayyace matsayin wannan keke.