Amsa-kuwwar Waya a Lungunan Nima

Duk wanda ya taɓa kiran 112 daga Tudu, Nima ko Maamobi ya san wuyar kwatanta wa motar asibiti gida. Adireshin GhanaPostGPS, da aka ƙaddamar a 2017, da saƙon tauraron ɗan'adam yake aiki. To amma katangu da rufin kwano kan tare saƙon, sai ya bugi bango sannan ya iso waya a makare. Jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da tazarar mita 300.

Yanzu masana kan auna jinkiri da kusurwar wannan amsa-kuwwa, su gwada da taswirar gine-gine, su gano inda wayar take.

Iyaye, ku ɗauki adireshinku a tsakar gida, inda sama ke buɗe, ku rubuta shi a ƙofa, yara su haddace. Allah Ya tsare.